Wanda Tsawa Ta Faɗa Wa, a Taɓa Shi

 

Duk wanda ya taɓa yin damina a garin Bauchi ya san yadda hadarin farko-farkon nan yake zuwa mana. A wuni ana gumi, iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi. Can bayan La'asar sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, wata iska mai sanyi ta taso da ƙura da ledoji, mata su ruga kwashe shanya, 'yan kasuwa a Wunti da Muda Lawal su hau tattara kaya suna jan tamfol. Kafin ɗigon farko ya sauka, walƙiya ta riga ta fara wasa a kan duwatsun da suka kewaye garin. A ɗan wannan tsakanin kowa mafaka yake nema. 'Yan acaɓa su jeru a gindin darbejiya, mai rake ya tura baronsa ƙarƙashin rumfar kwano, manomin da ke shuka a Tirwun ko Miri ya saɓa fartanya ya nufi gindin ɗorawar da ta fi girma a gonar. Dukkanmu ruwa muke gudu, alhali shi ruwa iyakarsa ya jiƙa mu. Abin da ke iya ɗauke rai a wannan lokaci tsawa ce, kuma waɗannan wurare da muke fakewa su ne inda ta fi samun mutane.

Idan aka yi maganar masifar damina a Bauchi, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne guguwar watan Yunin 2018, wadda ta zo washegarin Ƙaramar Sallah, ta yaye rufin gidaje da makarantu, ta kakkarya turakun lantarki, aka yi asarar rayuka, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jaje da kansa. Irin wannan kowa yana ganinta, ana ɗaukar hotonta, ana kafa mata kwamiti. Ita tsawa ɗauki ɗai-ɗai take yi: makiyayi ɗaya a wannan ƙauye, yara biyu a wancan, wata baiwar Allah da ta fita tarar ruwa a indararo. A yi jana'iza kafin dare, babu wanda ya je asibiti, babu wanda ya rubuta. Shi ya sa ko a duniya ƙiyasin masana ya sha bamban ƙwarai, wasu su ce mutum 6,000 take kashewa a shekara, wasu su ce ya kai 24,000.

Amma ba lissafin mamata ya kawo ni yau ba. Ina so mu yi maganar abin da ke faruwa a mintunan farko bayan mutum ya faɗi, da abin da ke biyo baya ga wanda Allah Ya sa yana da sauran shan ruwa.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Idan tsawa ta faɗa wa mutum a unguwanninmu da ƙauyukanmu, kalmar da ake fara ji ita ce, "Kada wanda ya taɓa shi!" Sai a ja da baya a kewaye shi ana salati. Wani ya ce sai an zuba masa nono tukuna, a tura yaro da kwano ya nufi ruga ko bakin kasuwa. Wani ya ce a kira tsoho wane, shi ya san sirrin abin. Daga bayan taro kuma ga masu raɗa: me ya yi? Kayan wa ya ɗauka? Ai da ma an ce an yi rantsuwa a kan gonar nan tasu. Mun taso muna jin ana rantsuwa da aradu da kwarankwatsa, mun taso da labarin wanda aka yi wa sata ya je ya sa aka tura wa ɓarawo tsawa. Ga mutum kwance numfashinsa yana ƙarewa, mu kuma mun zauna yi masa shari'a.

Wanda tsawa ta buga babu sauran lantarki a jikinsa, ko ƙwayar zarra. Ta shiga ta fita tun kafin ka ƙifta ido. Wannan tsoro ya girmi zuwan wutar lantarki ƙasar nan, amma zuwanta ya ƙara masa ƙarfi, don kowa ya san wanda ya kama wayar NEPA yana nan manne da ita, kuma in ka taɓa shi da hannu kai ma ta ja ka. Dalili shi ne wutar waya tana ci gaba da gudana har sai an kashe ta. Tsawa kuwa bugu ɗaya ne ya wuce. Kana iya rungumar wanda ta buga nan take, babu abin da zai same ka daga jikinsa. Abin da za ka kula da shi kawai shi ne hadarin da ke sama, don yana iya sake sako wata.

Ƙarfinta ba na wasa ba ne. Bugu ɗaya na tsaka-tsaki yana ɗauke da wuta kimanin amfiya 30,000, alhali fulogin da muke jona dutsen guga da shi a gida amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka. Iskar da ke kan hanyarta tana yin zafin da ya kai digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyas, wajen ninki 5 na zafin fuskar rana. Wannan zafi ne ke sa iska ta kumbura farat ɗaya ta fashe, mu ji ƙarar da ke girgiza tagogi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban bishiyar da ta faɗa wa ya ga aikinta: ɓawon ya tsage tun daga sama har gindi, farin itacen ciki a waje, ɓaraguzan ɓawo warwatse nesa da gindin, saboda ruwan da ke cikin itacen ne ya tafasa nan take ya fasa shi.

To da wannan ƙarfi duka, yaya ake rayuwa? Ana rayuwa, kuma masu rayuwar su ne mafi yawa. A ƙasashen da ake ajiye lissafi, cikin mutum 10 da tsawa ta buga wajen 9 suna tashi. Sirrin shi ne gajartar lokacin. Ba ta daɗewa a jiki, kuma yawancin wutar ta kan fata take bi ta wuce, musamman in akwai gumi ko ruwa. Shi ya sa za ka ga riga ta yayyage, takalmi ya fashe, sarƙa ko maɓallin ƙarfe ya bar tabon ƙuna, amma mutum bai ƙone ƙurmus ba yadda ake ba mu labari muna yara. Wani lokaci akan ga wani jan zane mai rassa-rassa a ƙirji ko a baya, wanda mutane ke nunawa suna cewa ga rubutun abin nan. Ba rubutun kowa ba ne, kuma yakan ɓace da kansa cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu.

Abin da ke kisa a cikin ƙirji yake. Bugun yana tsayar da zuciya cak, yana kuma sumar da sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa numfashi. Sau da yawa zuciyar takan farfaɗo da kanta bayan ɗan lokaci, don Allah Ya halicce ta da wannan baiwa. Numfashin ne yake jinkirin dawowa. Idan babu wanda ya hura wa mutum iska a wannan tsakani, zuciyar da ta tashi za ta sake tsayawa saboda rashin iska, kuma wannan tsayawa ta biyu ita ce ke tafiya da shi. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Yanzu ka auna: yaron da aka aika neman nono, minti nawa zai yi kafin ya dawo?

Ga abin da ya kamata a yi, kuma ina roƙon a saurara da kyau. Ka je wurinsa da gudu. In wurin fili ne ko gindin bishiya kuma ana ci gaba da tsawa, ku ja shi zuwa inda ya fi aminci. Ka kira sunansa, ka jijjiga kafaɗarsa, ka dubi ƙirjinsa ko yana ɗagawa. In ba ya numfashi, ka kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ka ɗora tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka danna da ƙarfi da sauri, ƙirjin ya lotsa kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan dannawa 30, ka ɗaga haɓarsa, ka toshe hancinsa, ka hura masa iska a baki sau 2, ka koma dannawa. Kada ka tsaya sai ya fara numfashi ko ma'aikacin lafiya ya karɓe ka. In ka gaji wani ya canje ka, wani kuma ya nemo mota. Idan mace ce ta faɗi kuma babu mace ko muharraminta a kusa, larura ce, malamanmu sun san hukuncinta. Kada kunya ta sa a bar rai ya fita.

Akwai wani abu da ya saɓa wa abin da aka saba a sauran haɗurra. Idan ta buge mutane da yawa a lokaci ɗaya, hankali yakan tafi wurin mai ihu da mai birgima. A nan kuwa wanda ke ihu yana numfashi, kuma da wuya ya mutu. Wanda ya yi shiru kamar gawa, shi za a fara kaiwa ɗauki. Ko da an buɗe idonsa an ga ƙwayar ta buɗe ta tsaya, likitoci sun ce a wanda tsawa ta buga wannan ba hujjar mutuwa ba ce. Haka nan za a ga wani ƙafafunsa sun sandare, sun yi sanyi ƙalau, launinsu ya sauya, ba ya iya motsa su. Sai kuka ya kaure a ce ya shanye ke nan. Galibi wannan shanyewa tana sakin mutum cikin 'yan sa'o'i. Amma duk wanda ta buga, ko da ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a auna zuciyarsa, a duba kunnensa da idonsa. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga Asibitin Ƙwararru, duk a cikin gari.

Sai maganar zargi, wadda ita ta fi ci mini rai. A tunaninmu tsawa tana saukowa ne daga sama ta zaɓi mutum ɗaya ta faɗa masa a ka. Irin wannan bugu na kai tsaye bai wuce 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda take samu, bishiya ko turke ta faɗa wa, ta yi tsalle daga jikinsa zuwa na wanda ya raɓe a gindi. Wajen rabi kuwa ta ƙasa take riskarsu. Idan ta sauka a wuri, wutar tana bazuwa a doron ƙasa kamar ruwan da aka sheƙa a daɓe, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Gwargwadon nisan da ke tsakanin ƙafafu, gwargwadon wutar da za ta ratsa jiki. Wannan ya sa ta fi yi wa dabbobi ɓarna, don tsakanin ƙafar gaba da ta baya akwai nisa, zuciya kuma tana tsakani.

A watan Satumban 2019 tsawa ta kashe shanu 36 a kan wani dutse a garin Ijare da ke jihar Ondo. Mutanen garin suka ce dutsen mai alfarma ne a wurinsu, shanun sun keta haddi. A watan Agustan 2016 kuma ta kashe dabbobin dawa dangin barewa guda 323 a kan wani tsauni a ƙasar Norwe, inda babu wanda ya ce sun keta haddin kowa. Abin da ya haɗa su shi ne wuri mai tudu da cunkusuwa waje ɗaya saboda tsoron hadari. Makiyayin da ya kora garkensa kan tudu a wajen Zaranda ko Gubi, ya tsaya a tsakiyarsu da sanda a kafaɗa, yana cikin wannan hali.

Ranar 28 ga Yunin 2011 ta faɗa wa makarantar firamare ta Runyanya a ƙasar Yuganda, yara 18 suka rasu. A watan Maris na 2018 ta faɗa wa wata majami'a a gundumar Nyaruguru ta ƙasar Ruwanda ana tsakiyar ibada, mutum 16 suka rasu. A nan gida, a watan Nuwamban 2023, ta buge ɗaliban wata sakandare a Awka suna ƙwallo, 3 suka rasu. Kayan wa 'yan firamaren nan suka sata?

Na san wani zai ce ai da tsawa aka halaka Samudawa. Haka ne. An kuma halaka mutanen Annabi Nuhu da ruwa, amma ban taɓa ganin mun tsaya a bakin kogi muna tambayar laifin wanda ruwa ke ci ba. Faɗawa muke yi mu ciro shi, in kuma ya rasu mu tuna cewa hadisi ya lissafa wanda ya nutse cikin shahidai. Akwai sura guda a Alƙur'ani, ta 13, da aka sa wa sunan aradu, kuma malamai sun karantar da mu cewa halitta ce daga halittun Allah, da izininSa take tafiya. Babu boka ko mai tsibbun da ke riƙe da linzaminta. Shi ma dutsen nan mai santsi da ake tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, masu binciken kayan tarihi sun tabbatar gatari ne da magabata suka sassaƙa da hannunsu kafin a san ƙarfe.

Yanzu mu zo kan wanda ya rayu, don shi ne aka fi mantawa da shi. Akwai wani bawan Allah da na sani, da damina manomi, da rani tela. Suna fake a gindin ɗorawa su kaɗan ta faɗa wa bishiyar. Shi dai bai ji ƙara ba, haske kawai ya gani, sai farkawa ya yi a cikin laka nesa da inda yake tsaye, silifas ɗinsa ɗaya ya rabe biyu, kunnensa na dama yana zubar da jini. Ba a yi wata ɗaya ba ya koma kan kekensa, kowa ya ce Allah Ya kiyaye, aka rufe maganar. Daga nan abin ya soma. Mutumin da ke riƙe awon mutum biyar a ka, sai ga shi ya auna wuya ya juya zai rubuta ya manta. Ya yanka yadin mutane ba daidai ba. A ba shi kuɗi ya rasa canjin da zai bayar. Barci ya ƙaurace masa, kunnen yana ta ƙugi dare da rana, ƙafafunsa suna zugi, ƙaramin abu ya hau faɗa da iyalinsa, shi da a da ba a jin muryarsa. Da gabas ta fara haɗewa sai ka ga ya bar ɗinki ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa, jikinsa yana rawa. 'Yan'uwa suka ce iska ce ta shige shi a gindin bishiyar, masu kawo ɗinki suka ce ya lalace, surukai suka ce ya canza hali.

Duk abin nan da na lissafa sananne ne a wurin likitocin da suka bi diddigin waɗanda tsawa ta buga. Wutar tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta bar mantuwa, da kasa tattara hankali wuri ɗaya, da ciwon kai, da raɗaɗin da ba a ganin dalilinsa, da rashin barci, da saurin fushi, da baƙin ciki mai nauyi. Da yawa dodon kunnensu yana fashewa. Wasu yanar ido ce ke fito musu bayan watanni ko shekaru, ko da yara ne. Wani a yi masa hoton ƙwaƙwalwa a ga kamar babu komai, alhali ciwon yana nan. Mu kuma da yake ba mu ga jini ko karaya ba, sai mu ce lalaci ne ko shafar aljanu. Ba na hana kowa addu'a da ruƙiyya, amma a haɗa da zuwa asibiti, kuma a gaya wa likita ƙarara cewa tsawa ta taɓa bugun mutumin, ko da shekara 3 ke nan. A sassauta masa a gida, a rage masa hayaniya, a ba shi aiki ɗaya-ɗaya, a saya masa ɗan littafin da zai riƙa rubuta abin da yake gudun mantawa.

Har wanda ba ta taɓa ba, ta dai faɗi kusa da shi, ko ta ɗauke abokinsa a gabansa, yana iya kwashe shekaru yana firgita. Yaro ne zai koma fitsarin kwance, ko ya ƙi zuwa gona, a yi ta dukansa ana cewa ragwanci. Kuma gudun wanda ta buga ba mu kaɗai ke yi ba. A Amurka an yi wani ma'aikacin gandun daji mai suna Roy Sullivan, wanda ta buga sau 7 tsakanin 1942 da 1977 kuma ya rayu a dukkansu. A ƙarshen rayuwarsa mutane sun riƙa nesa-nesa da shi in hadari ya taso. Alhali aikinsa ne ya sa shi wuni a kan tsaunuka cikin dogayen itatuwa.

Ita Amurkar abin dubawa ce ta wani ɓangaren. A 1943 tsawa ta kashe mutum 432 a can. Yanzu kimanin 20 take kashewa a shekara, alhali yawan jama'arsu ya ninka fiye da sau biyu. Ba tsawar ce ta ragu ba. Mutane ne suka bar noman hannu, suka koma gidaje masu wayar lantarki da bututun ruwa a cikin bango, suka shiga motoci, aka kuma koya wa kowa cewa da ya ji rugugi ya shiga ciki. Sai dai in muka kwaso wannan shawara yadda take muka kawo nan, za mu yaudari talaka. A shiga ciki, wane cikin? Gidan da ke kare mutum shi ne wanda in ta faɗa masa wutar za ta sami waya ko ƙarfen da za ta bi ta shige ƙasa. Ɗakin jar ƙasa mai rufin kwano da babu waya, ko bukkar kara, ko rumfar mai shayi, wutar tana iya dirowa daga kwanon ta bi ta jikin wanda ke ƙarƙashi. Yaran Runyanya a cikin aji suke.

Duk da haka wani wuri ya fi wani. Babban gini na siminti mai wayarin, kamar masallacin Juma'a ko shagunan bene, ya fi rumfa nesa ba kusa ba. In kana ciki ka matsa daga bango da ƙofa da taga, ka bar wanka da wanke-wanke a famfo har hadarin ya wuce. Mota mai rufin ƙarfe da aka ɗaga gilasanta mafaka ce mai kyau, kuma jikin ƙarfen ne ke kare ka, ba tayoyin ba. Keke Napep da babur ba sa kare kowa. In a gona ko daji ta riske ka, ka sauko daga tudu da kan dutse, ka nisanci bishiyar da ta tsaya ita kaɗai, da shingen waya, da bakin ruwa. Masunta a madatsar Gubi su fito tun hadari yana nesa. In kuna da yawa ku warwatsu, don in ta sami ɗaya a sami mai ceto. Kada a kwanta a ƙasa. In ka ji gashin jikinka yana miƙewa ko fatarka tana tsiko, wurin nan take shirin sauka, bar shi da gudu.

Wayar hannu ba ta jawo tsawa, haka jan kaya, haka madubi. Wayar da ke jone a caji ita ce abin gudu, don wutar tana iya biyo wayar lantarki ta shigo gida. Mata kuma su kula da igiyar shanya ta ƙarfe.

Ga wani lissafi mai sauƙi da ko yaro zai iya. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana cin kilomita 1 ne a daƙiƙa 3. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga. In ka ji ƙarar kafin ka kai 30, tana cikin kilomita 10 daga inda kake, kuma tana iya kai bugu nesa da haka, har a inda ko ɗigo bai sauka ba. Bayan rugugin ƙarshe a jira minti 30 kafin a fita. Nan ne muka fi yin sakaci. Ruwa yana tsagaitawa yara sun fito wasa a kwata, samari sun koma fili an ci gaba da ƙwallo, manomi yana cewa bari in ƙarasa kunyar nan tunda ƙasa ta jiƙa. Masu horar da yara ƙwallo da alƙalan wasa a filayen unguwanni, usur yana hannunku. Tsayar da wasa saboda hadari ba tsoro ba ne. Addinin da ya yarda a haɗa Magariba da Isha a masallaci saboda ruwan sama, ya kuma yarda ladan ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu a daren ruwa, bai ɗora wa kowa tsayawa a fili ana tsawa ba.

Saura aikin hukuma. Ƙarfen kama tsawa ba sabon abu ba ne. Benjamin Franklin ya fito da dabararsa tun wajen 1752, fiye da shekara 50 kafin Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi. Ba hana ta sauka yake yi ba, hanya yake ba ta: tsinin ƙarfe a ƙololuwar gini, faffaɗar wayar jan ƙarfe ta sauko ta jikin bango, ta haɗu da sandar da aka binne a ƙasa. Ka ɗaga kai a cikin gari za ka ga tsinin a kan gine-gine da yawa. Ka bi wayar da ido zuwa ƙasa, a wasu za ka tarar ɓarayin jan ƙarfe sun yanke ta tun daga inda hannu ke kaiwa. Irin wannan gara babu shi, don ya kira ta ya rasa inda zai kai ta sai cikin ginin.

A Yuganda, bayan musibar Runyanya, an kafa ƙungiyar ACLENet wadda ke bin makarantu tana sa musu wannan kariya, kuma ranar 28 ga Yuni ta zama ranar faɗakarwa kan tsawa a duniya. Mu ma da makarantu ya kamata mu fara, musamman na ƙauye masu rufin kwano da ke tsaye su kaɗai a fili, da tsangayu, da ɗakunan shan magani. Ma'aikatar Ilimi za ta iya tura masu duba makarantu su ƙirga waɗanda ke da ƙarfen, su kuma tabbatar wayar ta kai ƙasa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen hadari, ya rage ga gidajen rediyonmu su riƙa karanta shi da Hausa da Fulfulde tun da safe, kafin manomi da makiyayi su fita. Asibitoci su riƙa rubuta "tsawa" a takardar majinyaci, hakimai da dagatai su riƙa kai rahoto ga hukumar agajin gaggawa ta jiha ko da mutum ɗaya ne.

Muna kuma da rundunar da ba kowace ƙasa ke da irinta ba: 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Izala, da na Fityanul Islam, da 'yan Red Cross, da matasan majami'u, ga ƙungiyoyin 'yan acaɓa da ke kowane lungu. Koyon danna ƙirji da hura iska ba ya cin wuni guda. Ina kira ga shugabanninsu su nemi ma'aikatan lafiya su koya wa mutanensu tun farkon damina, kowane reshe a unguwarsa, maza da mata, kafin ruwan Agusta ya kankama.